Ƙuri'a gayauna ce: yadda nake shirya yaran gidana kafin zaɓensu na farko

Akwai gardamar da ba ta mutuwa a majalisarmu ta gindin darbejiya. Da zarar an fara manna fastoci a katangar makarantar firamare sai ta farfaɗo, kuma kullum mutum ɗaya ke kunno ta, wani sa'ana da muka yi karatun allo tare. Cewa yake, yaron da har yau uwarsa ce ke tashinsa sallar asuba, wanda in ka aike shi Gujungu da akuya sai ya dawo maka da waya, shi ne za a ce ƙuri'arsa daidai take da ta dagaci? Sai ya rufe da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. A yi dariya, a ce gaskiya ne, a tashi alwalar magariba.

Ni ba na cikin masu dariyar. Shekara 35 na yi ina koyarwa a ƙauyukan Taura da Ringim. Na ga ɗan shekara 18 da ya riƙe gidan ubansa bayan rasuwa, shi ne taki, shi ne cefane, shi ya aurar da ƙanwarsa. Na kuma ga mai furfura har a gemu ya ba da ƙuri'arsa a kan taliya leda biyu. Don haka tambayar nan ta ko sun yi hankali ba ta taɓa kai ni ko'ina ba. Iyayenmu ba su zauna jiran yaro ya yi hankali sannan su ba shi gona ba. Gayauna suke yanka masa a gefen gandu, da safe ya yi aikin gida, da yamma ya shiga tasa. Shekarar farko ya makara da firi, ciyawa ta danne geron, uban yana gani ba zai ce uffan ba. Damina ta biyu ba mai tuna masa. A cikin gayaunar ake samun hankalin noma, ba a bakinta ba. Haka na ɗauki ƙuri'a.

Ko a littafi ma, nauyin a kan babba aka aza shi. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i, da take maganar marayu, cewa ta yi a riƙa jarraba su har su isa aure, in an ga shiriya tattare da su a miƙa musu dukiyarsu. Ba a ce a jira shiriyar ta faɗo daga sama ba, jarrabawa aka ce, kuma mai riƙon ne zai yi ta. A mazhabarmu ta Malikiyya, yaron da alamomin balaga ba su bayyana masa ba, shekara 18 ce iyakarsa a mashhurin zance, ita ce kuma shekarar da tsarin mulkin 1999 ya yanka wa mai zaɓe. In na kawo wa abokin nawa Usama ɗan Zaidu, wanda Manzon Allah (SAW) ya ba jagorancin runduna bai cika shekara 20 ba, sai ya ce ai yaran yanzu ba Usama ba ne. Na ce masa mu ma ba sahabbai ba ne.

Ni kaina a 1979 na fara zaɓe, ina da shekara 19. A Jamhuriya ta Farko sai ka kai 21 ake yi da kai, mace kuwa a Arewa ko shekarunta nawa ba ta da ƙuri'a, abin da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa ke nan. Don haka ni da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, shekara ɗaya muka fara zaɓen shugaban ƙasa. Lokacin muna cikin jihar Kano, Jigawa sai 1991. Gari ya rabu biyu, ga 'yan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar makulli, ga 'yan NPN mai alamar gida da masara. Babana ya ce makulli, na dangwala wa makulli. Da za ka tsare ni a bakin rumfa ka ce me ya sa, ba ni da ta cewa. Ba wanda ya ce ban yi hankali ba, domin na zaɓi abin da manya suka zaɓa. Na daɗe ina lura da wannan: yaro ba ya zama marar hankali a bakinmu sai ranar da ya saɓa mana.

To, ga yadda nake yi.

Kada ka bari sai ganga ta fara tashi. Ka fara tun yaro yana 16 ko 17, kuma farkon abin shi ne tabbatar da shekarunsa na gaskiya. Mu a ƙauye da yawa ba mu da takardar haihuwa, sai dai a ce an haife shi shekarar kaza da ruwa ya ci gari. Je makarantar firamaren da ya yi a duba tsohuwar rajista, ko uwarsa ta nemo katin rigakafi a ƙasan adaka. In bai kai ba, bai kai ba. Za a zo maka, na tabbata, wani ɗan siyasar unguwa ya ce ai yaron ya yi tsawo, a ƙara masa shekara biyu ba wanda zai sani. Kada ka yarda. Tun da bidiyon ƙananan yara suna dangwale ya yi ta yawo bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano a 2018 ake yi mana gori da shi har yau. Ban da gorin ma, yaron da ya shiga zaɓe ta ƙofar ƙarya ka riga ka koya masa cewa harkar duk wasa ce. Sannan shekarun da ka ƙara za su ci karo da na lambar NIN da na takardun makaranta, shi zai sha wahalar gyara, kai kana gida.

In ya cika 18, ka kasa kunne a rediyo ka ji lokacin da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta buɗe rajista. Ba kullum take a buɗe ba, kuma ana rufe ta watanni kafin zaɓe. Ta zaɓen 2023 tun ƙarshen Yulin 2022 aka rufe. Dole ya je da ƙafarsa, domin za a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu, ba a yi wa mutum a bayan idonsa. Ka ba shi kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, amma kada ka bi shi. Ya sha layin, ya yi tambaya da bakinsa, ya adana 'yar takardar da za a ba shi, ya koma karɓar katin in ya fito. Wannan ita ce jarrabawar farko, kuma tana nuna maka abubuwa. Ɗan ƙanena sau uku yana komawa kafin ya samu, bai gaji ba. Wani ɗan maƙwabcinmu sau ɗaya ya je, ya tarar da layi, ya zarce kallon ƙwallo.

Ka ja masa kunne a kan abu ɗaya: rajista sau ɗaya ake yi. Wanda ya tafi cirani Kano ko Legas, ko yarinyar da aka kai ɗakinta wani gari, canjin rumfa za su nema, ba sabon kati ba. A rajistar da aka rufe a 2022, cikin mutum miliyan 12 da 'yan kai da suka yi, sama da miliyan biyu da dubu ɗari bakwai hukumar ta soke, da yawansu saboda maimaitawa. Mata kuma a gaya musu su ɗaga wa ƙunshi ƙafa in ranar ta matso, lalle mai kauri a kan yatsu yana wahalar da na'ura. Uwargidana ta ce wannan sharri ne irin na maza, har sai da ta ga ƙawarta ta yi ta goga yatsa a zani.

Kati ba shi ne shiri ba. Abin da ya fi cin lokaci, wanda kuma na fi jin daɗinsa, shi ne koya wa yaro aikin kowace kujera. Yawancin ruɗun da ake yi mana a nan yake. Ɗan takarar majalisar jiha zai tsaya a dandali ya ce zai sauke farashin fetur, a yi ta tafi. Ba na yin wannan darasi a zaune. In za mu fadama da 'yata ko da Auta, duk abin da muka wuce sai na tambaya, wannan na wane ne? Famfon tuƙa-tuƙan da ya lalace a bakin masallaci, rumfunan kasuwa, tashar mota, ɗakin shan magani: mafi kusa da su ciyaman ne da kansila, kuma zaɓensu ma daban ake yi, hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, ba INEC ba. Makarantar sakandare, babban asibiti, hanyar da ta haɗa mu da garin gaba: gwamna. Soja, 'yan sanda, kwastan ɗin da ke Maigatari, darajar naira, man da muke zuba wa injin ban ruwa: Abuja. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, Auta ne ke sayo mana mai a jarka, don haka bai buƙaci dogon bayani ba. Ambaliyar 2022 kuwa ta ba mu darasi mai rassa, domin madatsun Tiga da Challawa da ke saman koginmu suna ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, jingar da za ta kare gari kuma kowa na iya sa hannu, jiha ko ƙaramar hukuma. Nan yaro zai gane akwai matsalar da mutum ɗaya ba ya iya magance ta, kuma mai cewa shi kaɗai zai yi, a dube shi da kyau.

'Yan majalisa su suka fi wuyar bayani, saboda mun saba auna su da babur da keken ɗinki da kujerar Makka. Nakan ce musu aikinsu uku ne a takarda: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda aka kashe. Jigawa na da 30 a majalisar jiha da ke Dutse, 11 a majalisar wakilai, sanatoci uku. Mu namu na tarayya Ringim da Taura yake wakilta. Na taɓa tambayar majalisarmu ta dattawa su faɗi sunan ɗan majalisar jiharmu da kuma wata magana ɗaya da ya taɓa yi a zauren. Sunan kowa ya sani. Maganar kuwa, shiru kamar ruwa ya ci makaɗi. Waɗannan fa su ne masu auna hankalin yara.

Bayan haka sai littafi. Saya masa ɗan littafin rubutu mai shafi 40, ka ce duk ɗan takarar da ya zo garin nan, ko ya yi magana a rediyo, a rubuta abin da ya ce zai yi, da ranar da ya faɗa. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ɗauka a waya. Ba ka ce ya yarda ba, ba ka ce ya ƙi ba. In mai neman ta-zarce ne, a fara da abin da ido ya gani: ya ce zai yi kwalbati, je ka duba, gani ya kori ji. 'Yata ta cika shafi tara kafin zaɓen 2023. Wata rana ta zo ta same ni a zaure ta ce, "Baba, mutum uku ne suka yi alƙawarin gyara hanyar nan, kuma biyu a cikinsu ba aikinsu ba ne." Na ce to ki ja layi a ƙarƙashinsu. A raina na ce geron gayauna ya fara fitar da kai.

Yanzu ga inda abokina yake da gaskiya, don ba zan hana shi tasa ba. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna cewa ɓangaren gaban kai, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an doshi shekara 25. Amma su ɗin dai sun raba tunani gida biyu. Akwai wanda ake yi a natse, an ba ka lokaci ka auna. Wannan tun wajen shekara 16 yaro ke kamo babba a cikinsa. Akwai kuma wanda ake yi jini na tafasa, abokai na kallo, ana zuga. Shi ne ke makara. Shi ya sa ƙasa irin Ostiriya ta mayar da shekarun zaɓe 16 tun 2007, Amurka kuma ta sauko daga 21 zuwa 18 a 1971, lokacin da ake kai 'yan 18 yaƙin Biyetnam. Duk malamin firamare ya san wannan ba tare da ya karanta ba. Yaron da zai ba ka amsa mai kyau ku biyu a ofis, shi ne zai jefi tagar makaranta in yana cikin goma.

Abin yi a nan a fili yake: ka raba shawarar da dandali. Ban hana nawa zuwa taron siyasa ba, hani ma ƙara masa armashi yake. Su je su ji, su ci shinkafar in an raba. Sharaɗina biyu ne. Ba hawa bayan a-kori-kura ana ratayo a jiki, ba kuma riƙe wa kowa gora ko wani abu mai kaifi, domin daga nan ake zama ɗan jagaliya, kuma ban taɓa ganin ɗan mai takarar a cikinsu ba. In sun dawo ba na tambayar komai a daren. Sai bayan kwana biyu, muna sussuka ko muna gyaran shinge, in ce, to me mutumin ya ce? Sau da yawa sai ka tarar waƙar ce kawai ta zauna, maganar ta bi iska. Yaron da kansa zai yi dariya.

Haka waya. Abin da ke shigowa ta WhatsApp da TikTok da Facebook ya fi ƙarfin tacewata, ni da ko saƙo sai an karanta min in gilashina ya ɓata. Abin da na iya shi ne tambaya. In an nuna min bidiyon wani yana zagin wani, sai in ce wa ya ɗauka, yaushe, me zai samu in mun yarda? Sojojin baka na rediyo ma haka, mutum ya yabi wannan bana, baɗi ya tsine masa da murya ɗaya. In faɗi gaskiya, a nan yaran sun fi mu. Sau biyu Auta yana nuna min cewa muryar da ake yaɗawa haɗa ta aka yi, kuma dattawa ne suka fi tura ta.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi a fili. Kada ka yi wa yaro wa'azi, yi masa lissafi. A ce an ba ka naira dubu biyu. Wa'adin shekara huɗu ne, kwana 1,461. Raba ka gani: naira ɗaya da 'yan kwabbai a rana, ko ƙullin gishiri ba za ta saya ba. A kan wannan ka sallama bakinka, domin ranar da ka je ƙorafin famfo za a tuna maka an biya ka. A zaɓen 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, sai abin ya koma taliya da sabulu da atamfa da alƙawarin tiransifa. Akwai masu cewa ka ci kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka. Na san masu faɗin haka da kyakkyawar niyya, kuma ba zan zagi matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba don ta karɓi taliya. Amma ɗana da nake ciyarwa ba shi da wannan uzurin. Doka ta hana bayarwa, ta hana karɓa. Kuma a ƙauye ba a ɓuya. Wanda ya ba ka ya san gidanku, wani har rantsuwa yake sa mutane. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ana saura mako guda, a gwada dangwale a gida. Kada ka raina wannan, ƙuri'u da yawa a nan suke lalacewa, kuma ba na yara kaɗai ba. Takardar zaɓe ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamar jam'iyya ce da haruffanta, an jera su da yawa, wasu ma sun yi kama. Sai yaro ya san alamar wanda yake so a kowace kujera, don ba dole ba ne duka su zama jam'iyya ɗaya, ko da masu cewa sak sun cika masa kunne. Na kan zana akwatuna a takarda, in kawo tawadar hatimi ta tsohon ofishina. Yatsa ɗaya, cikin akwati ɗaya, kada ya hau layi. A ɗan jira ta sha iska. A naɗe takardar a tsaye, yadda tawadar ba za ta shafi gidan wata jam'iyya ba. Mun yi wannan a tsakar gida har da uwargida da kishiyarta, kuma wanda ya fara ɓata tasa ni ne, saboda rawar hannu.

Ranar zaɓe kuwa ba ta da wuya in an yi abin da ya gabata. A karya da wuri, a ɗauki kati da ruwan sha. A 2023 ƙarfe takwas da rabi aka sa za a buɗe, a rufe layi biyu da rabi, wanda duk ke kan layi a lokacin sai ya yi. Na'urar BVAS za ta duba yatsa, in ya ƙi, kamar yadda na manoma ke yi saboda kanta, ta duba fuska. A zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake ba ka, har da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, kowacce da akwatinta. A na gwamna biyu. Ba a shiga wurin dangwale da waya, wanda duk ya ce ka ɗauko masa hoto ka san abin da yake saye. Ba a sa rigar jam'iyya. In hayaniya ta tashi a matsa gefe. Ana ɗan sauya ƙa'idoji daga zaɓe zuwa zaɓe, don haka a saurari sanarwar hukuma a makon.

Ina so yaro ya tsaya a ƙirga a gabansa, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya ga an zazzage akwati, an ware, an ɗaga kowace takarda ana ƙirgawa da ƙarfi, an cike takardar sakamako, ejan-ejan sun sa hannu, an manna kwafi a bango. Wanda ya ga an yi rinjaye da ƙuri'a bakwai a rumfarsu ba zai ƙara cewa tasa ba ta da amfani ba. A rajistar 2023 mutum miliyan 93 ne da ɗoriya, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan 18 zuwa 34, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa gaba ɗaya ba su kai kashi 30 ba. Ni abin da ke damuna ke nan, ba rashin hankalin masu fitowa ba. Nakan kuma tuna musu cewa tun dokar da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2018, ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Tsakanin ƙuri'ar farko da fosta shekara bakwai ce kacal.

Na bar mafi wuya a ƙarshe, domin a nan na faɗi. Ka kama bakinka. Ka faɗi ra'ayinka in an tambaye ka, da dalilinka, sau ɗaya, kamar yadda za ka faɗa wa sa'anka. Kada ka ce albarka na bin wanda ya bi zaɓinka. Kada ka tambaya bayan an dawo.

A 2003 ɗan farina ya isa zaɓe. Lokacin ina ji da kaina, hedimasta guda, ana zuwa neman shawarata. Da daddare na kira shi zaure na gaya masa inda zai dangwala, sama da ƙasa. Ya ce, "Baba, ni a na majalisa da wani nake so." Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce a gidan nan ba a raba ƙuri'a, in ya girma ya yi nasa gidan sai ya yi yadda ya ga dama. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya yi yadda na ce, ko dai haka ya gaya min. Yau yana da 'ya'ya biyar, yana sayar da riɗi da zoɓo, mutum ne mai lissafi fiye da ni, amma tun daga ranar bai ƙara zuwa rumfa ba. Katinsa na cikin aljihu saboda banki kawai. In na yi masa magana sai ya yi murmushi ya ce, "Ai kun yi mana, Baba." Mutumin da na tilasta masa kuwa, ko ta'aziyya bai taɓa zuwa garinmu ba har ya sauka. Mun tsani ƙato-bayan-ƙato na zamanin Babangida saboda kowa na ganin layin da ka bi, sai ga shi na kafa irinsa a zaurena.

Da 'yata ban maimaita ba, ko da yake sai da na ciji leɓe. Ranar 18 ga Maris 2023, zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, muka tsaya aka ƙirga na rumfarmu. A takardun majalisa sai ga ƙuri'a ɗaya tilo ta wata ƙaramar jam'iyya da ko fosta ba ta manna a garin ba. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce wannan kuskuren tsohuwa ne. Na lura dangwalen tsaf yake a tsakiyar akwati, an kuma naɗe takardar a tsaye. Da daddare ta kawo min tuwo, na yi ta juya maganar a baki har ta kuɓuce, na ce ashe yau an samu mai ra'ayin kansa a rumfarmu. Ta ajiye kwanon, ta zuba min ruwa a buta, ta ce, "Baba, ba ku kuka ce ba a tambaya ba?" Ta ɗauki fitilarta ta koma ciki.

Littafin nata yana nan, da aka kai ta ɗakinta ta bar wa Auta. Ya ci gaba daga shafi na goma.